Yadda Ake Gane Wa da Ƙane a Tsakanin Duwatsu: Jagora ga Mai Fita Aikin Fili a Kaduna

A ƙauyukanmu har yau akwai tsofaffin da ba su da takardar haihuwa, amma ba a rikicewa a kan wanda ya girmi wani, domin an san wanda ya riga wani kama fartanya, an kuma san wadda ta goyi wata. Da irin wannan sani ilimin duwatsu ya fara. Tambayar shekara nawa dutse yake da su aikin ɗakin bincike ce, tana bukatar na'urori masu tsada da ke auna rubewar sinadarai kamar yuraniyom. Tambayar wanne ya riga wanne kuwa da ido ake amsa ta a gaban dutsen, kuma wanda bai iya amsa ta ba, ko an ba shi lambar shekaru daga ɗakin bincike ba zai san inda zai ajiye ta ba. Ita ce abin da wannan jagora ya sa a gaba.

Ka'idojin aikin tsofaffi ne. A shekarar 1669 Nicolas Steno, mutumin Denmak da ya zauna a Italiya, ya bayyana cewa a duwatsun da ruwa ya jibge hawa-hawa, shimfiɗar ƙasa ta riga ta sama, cewa kowace shimfiɗa a kwance ta fara, kuma tana miƙewa ta kowane gefe har sai ta sirance ko ta ci karo da abin da ya tare ta. Ɗalibai suna haddace wannan cikin sauƙi. Sai dai wanda ya fito da shi kaɗai zuwa bayan garin Kaduna zai sha mamaki, domin mafi yawan jiharmu tana zaune ne a kan tsohon dutsen gindi, wato nais mai ratsin fari da baƙi, da shist mai ɓarewa falle-falle, da giranit mai ɗigo-ɗigon ƙwayoyi, waɗanda zafi da matsi suka toya suka murɗe, ko kuma suka daskare daga narkakken dutse a can ƙarƙashin ƙasa. A irin wannan wuri "na ƙasa ya girmi na sama" ba ya kai mutum ko'ina, har yakan ɓatar da shi. Shi ya sa zan daɗe a kan matakan da suka fi yi mana aiki a nan.

Mataki na farko: zaɓen wuri da lokaci

Ana neman inda dutse ya fito fili: gefen hanyar da aka yanka ta cikin tudu, ramin masu fasa dutse, kududdufin da aka ɗebi burji, falalen duwatsun da ke bayyana a cikin Kogin Kaduna idan ruwa ya janye, ko sabuwar rijiya kafin a sa mata kwalbati. Rani ne lokacin aikin, daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ciyawa ta bushe, kogi ya sauka. Ka ɗauki guduma, da tef ɗin awo, da kamfas, da gilashin ƙara girman abu, da littafi da fensir, da gorar ruwa, domin dutsen da aka jiƙa ya fi busasshe nuna zanensa. Ka fara gaida mai unguwa ka gaya masa abin da ya kawo ka, ka tambayi lafiyar hanya, kuma kada ka shiga ramin fasa dutse sai masu wurin sun tabbatar maka ba ranar sa nakiya ba ce.

Mataki na biyu: tsaya daga nesa ka zana

Kafin guduma ta taɓa komai, ka ja baya kamar taku ashirin ka zana fuskar dutsen gaba ɗaya. Ka ba kowane irin dutse harafi, ka rubuta launinsa da girman ƙwayoyinsa da kaurinsa, ka ja layi a duk inda iri biyu suka haɗu. Hoton waya yana da amfani, musamman idan an ajiye guduma a ciki don a gane girma, amma zane ne yake tilasta wa ido ya yanke hukuncin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Waɗannan mahaɗu su ne za ka yi ta komawa gare su, domin tsakiyar dutse tana gaya maka irinsa ne kawai, labarin shekaru a mahaɗa yake.

Mataki na uku: tabbatar cewa abin da kake gani jibgewa ce

Nan ne masu koyo suka fi faɗawa rami a Kaduna. Duk wanda ya leƙa rijiyar da ake haƙawa a Rigasa ko Kawo ko Sabon Tasha ya ga abu hawa-hawa: baƙar ƙasa a sama, sai jar marmara mai tauri, sai yumɓu mai dabbare-dabbaren ja da fari, sai ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa a hannu, sai dutse mai rai wanda diga ke tartsatsi a kansa. Ido yana gani sai ya ce an jibge su ne ɗaya bisa ɗaya. A mafi yawan lokuta dutse ɗaya ne da ruwan sama ya yi ta ci daga sama yana gangarawa, shekaru aru-aru. Ma'anar haka ita ce ɓangaren sama ne ya riga ruɓewa, na ƙasa kuma shi ne ruɓewa ta iske a baya-bayan nan, akasin abin da ka'idar Steno za ta sa ka zata.

Hanyar rarrabewa tana da sauƙi. Ka nemi jijiyar farin dutsen ƙanƙara, wanda ba ya ruɓewa da wuri, ka bi ta da yatsa daga dutse mai rai zuwa sama. Idan ta ci gaba da tafiya a cikin yumɓun ba tare da ta katse ba, ko kuma zanen nais ɗin yana nan a jikin ruɓaɓɓen dutsen kamar inuwa, to a nan abin ya ruɓe, ba kawo shi aka yi ba. Idan kuwa ka ga tsakuwa mulmulallu a jere, da yashi da laka suna karɓa-karɓa, kowanne da iyakarsa a fili, ruwa ne ya kawo su, kuma ka'idar na ƙasa ya girmi na sama ta hau kansu. Haka nan ratsin fari da baƙi da ke jikin nais ba shimfiɗa ba ne, matsi ne ya jera ma'adanan haka, saboda haka ba a ƙirga shi daga ƙasa zuwa sama.

Mataki na huɗu: gano sama da ƙasa na asali

Idan an tabbatar jibgewa ce, sai a tambaya ko tana nan yadda aka ajiye ta. Shimfiɗar da ta karkata ko ta lanƙwashe ta nuna cewa wani motsi ya same ta bayan ta zauna, kuma lanƙwasa mai tsanani takan kifar da ita har tsohuwa ta koma sama. Duwatsun da kansu suna ɗauke da alamun da ke nuna ina ne sama.

Wuri mafi kyau na koyon alamun shi ne ramin masu ɗibar yashi a gaɓar Kogin Kaduna da rani. Ka kankare bangon ramin da cebur ka duba. Ambaliya guda takan ajiye tsakuwa a gindi, yashi a tsakiya, laka mai laushi a kai, domin mai nauyi ne yake fara zama idan ruwa ya rage gudu. Saboda haka inda ƙwayoyi suke ƙanƙancewa nan ne sama. A cikin yashin kuma za ka ga ƙananan layuka masu karkata, waɗanda ƙasansu yake kwantawa a hankali har ya saje da gindin shimfiɗar, samansu kuwa an datse shi kaifi ɗaya. Ɓangaren da aka datse shi ne sama. Ga kuma tsagewar laka bayan ruwa ya ƙafe, mai faɗi a baki tana tsukewa zuwa ciki. Wanda idonsa ya saba da waɗannan a yashin bana zai gane su a dutsen yashin Bima da ke Gombe, ko da ya haura shekara miliyan 100.

Akwai wani tarko a bakin kogi da ya kamata a sani. Kogi yana cin gindinsa yana nitsewa, yana barin tsofaffin fadamunsa a sama kamar matakala. A cikin kowace matakala na ƙasa ya girmi na sama, amma idan aka gwada matakala da matakala, wadda ta fi tsayi ita ce babba.

Mataki na biyar: wanne ya yanka wanne

Wannan shi ne ƙashin bayan aiki a jihar Kaduna. Wanzami ba ya yin tsaga sai ya sami fuska, saboda haka duk abin da ya ratsa dutse ya yanke zanensa, ƙanen dutsen ne. Jijiyar ƙanƙara, da jijiyar fegmatait mai manyan ƙwayoyi, da baƙin dutsen dolarait da yakan tsaya cikin tsaga kamar bango, da karayar da ta gocar da gefe ɗaya daga ɗaya, duk hukuncinsu guda ne.

Ka nemi inda jijiyoyi biyu suka gitta wa juna, ka durƙusa, ka zuba ruwa, ka duba wadda ta wuce ba tare da ta katse ba. Ita ce ƙarama. Idan karaya ta gocar da jijiya ta farko amma ta biyu ta ƙetare karayar a miƙe, to karayar ta zo a tsakaninsu, ka sami abubuwa uku a jere daga wurin da bai fi faɗin faifai ba.

Gefen jikin da ya kutso ma yana ba da shaida. Narkakken dutse idan ya shiga cikin dutse mai sanyi, bakinsa yakan huce da sauri, sai ƙwayoyinsa su yi ƙanana a gefe su girma zuwa tsakiya, kuma yakan toya maƙwabcinsa ya canza masa launi da tauri. Mai ƙananan ƙwayoyi a baki shi ne baƙon da ya zo daga baya. Wannan alama ce take raba gardama idan aka ga baƙin dutse kwance a tsakanin shimfiɗu biyu: in ya toya ta ƙasa kaɗai, malala ya yi a bayan ƙasa aka binne shi daga baya, ya girmi ta sama; in ya toya duka biyun, kutsowa ya yi, dukansu sun girme shi.

Da wannan hanya J. D. Falconer, a littafinsa na 1911 kan duwatsun Arewacin Najeriya, ya raba giranit ɗinmu gida biyu, Tsohon Giranit da Sabon Giranit, tun ba a da na'urar auna shekaru. Dutsen Kufena na Zariya da duwatsun Kajuru na tsohon gida ne. Tsaunukan Kagoro da Kudaru da na Jos na sabon gida ne, sun huda tsohon dutsen gindi sun yanke zanensa, kuma su ne masu kuza. Da aka zo aka auna, sai aka tarar tsohon yana da kimanin shekara miliyan 600, na yankin Jos kuma kimanin miliyan 160 zuwa 170. Na'ura ta ƙara lamba, jerin kuwa bai motsa daga inda ido ya ajiye shi ba.

Mataki na shida: abin da ke cikin wani

Tsakuwar da ke cikin kankare ta girmi kankaren. Idan ka ga gutsuren baƙin nais yana zaune a tsakiyar giranit, giranit ɗin ne ya ɓalle shi daga bango sa'ad da yake narke, don haka nais ne babba. Idan kuwa mulmulallun tsakuwar giranit ne a gindin dutsen yashi, giranit ne babba, har ya fito fili ruwa ya ci shi kafin yashin ya zauna. Wannan ya isa ya raba abubuwa biyu masu kama da juna, wato dutsen yashi da aka jibge bisa giranit, da giranit da ya kutso ƙarƙashin dutsen yashi.

Na taɓa ganin ledar fiya wata a bangon wani ramin yashi, kusan kamu biyu daga sama, a ƙarƙashin shimfiɗu uku na yashi da laka. Ruwan leda ya yaɗu a ƙasar nan ne a shekarun 1990, saboda haka shimfiɗar da ke riƙe da ita, da duk waɗanda ke bisanta, ba su kai wancan lokaci a tsufa ba. Sai dai abin da ke ciki yana faɗin iyakar tsufa ne ta gefe ɗaya kawai. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, wanda aka fara samu a 1928 wajen haƙar kuza a kudancin jihar nan, da yawansa a cikin tsakuwar da ruwa ya kwaso aka tsince shi, kuma abin da ruwa ya ɗauko daga wani wuri zai iya girme wa shimfiɗar da ya kwanta a ciki da ɗaruruwan shekaru.

Mataki na bakwai: neman giɓin zamani

Ba kowace mahaɗa ce take nufin wannan ya biyo wancan nan take ba. Wani lokaci jibgewa takan tsaya, ƙasa ta ɗago, zaizaya ta share abin da ta share, sa'an nan sabuwar jibgewa ta rufe wurin. James Hutton ya nuna wa abokansa irin wannan a Siccar Point da ke gaɓar tekun Sikotilan a 1788, inda shimfiɗun da suka miƙe tsaye aka aske kansu, jan dutsen yashi ya kwanta a kai. Alamun giɓi su ne fuska mai kwari da tudu a tsakanin duwatsu biyu, da tsakuwar na ƙasa a gindin na sama, da bambancin karkata, da jijiyoyin da suke tahowa daga ƙasa su tsaya cak a mahaɗar kamar an yanke su da wuƙa.

Wani misali na kusa da mu yana wajen Bida, inda dutsen yashi mai shekara miliyan 70 zuwa 80 yake kwance kai tsaye bisa dutsen gindi irin na Kaduna. Tafin hannu guda yana rufe mahaɗar, alhali abin da ya ɓace a wurin ya haura shekara miliyan 500. Idan ka sami giɓi, ka rubuta shi a jerinka a matsayin aukuwa mai zaman kanta, domin ɗagowa da zaizaya abubuwa ne da suka faru suka ci lokaci.

Mataki na takwas: haɗa wuri da wuri

Fuskar dutse guda ba ta ɗauke da labari duka. Ana bin shimfiɗa mai sauƙin ganewa, kamar siririn dutsen ƙarfe ko farar ƙasa, daga wannan kwari zuwa wancan, ko daga bayanan wannan rijiyar burtsatse zuwa na waccan. Kamannin dutse kaɗai yakan yaudari mutum, domin dutsen yashi na zamunna daban-daban yakan yi kama. William Smith, mai awon magudanan jiragen ruwa a Ingila wanda ya fitar da taswirarsa a 1815, shi ne ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da irin burbushin halittunta, kuma suna bin juna a jeri ɗaya ko'ina aka je.

A dutsen gindin Kaduna ba za ka sami burbushin halitta ba, sai ka je Sakkwato ko Gombe. A Sakkwato shimfiɗun suna hawa ne daga Taloka zuwa Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gamba, har Gwandu. A Dukamaje ana samun ƙasusuwan manyan ƙadangarun teku da suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, har ɗaya daga cikinsu ya ci sunan Goronyo, a Kalambaina kuwa, inda ake ɗibar dutsen siminti, babu su sai bawon halittun tekun da ya biyo baya. A Ashaka ma ana tsintar amonait, wato burbushin bawon wasu halittun teku masu nannaɗe kamar ƙahon rago. Halittar da ta bazu a duniya amma ba ta daɗe ba ta ƙare ita ce ta fi amfani, domin duk inda aka gan ta an san zamanin.

Mataki na tara: rubuta jerin

Ka koma ga zanenka ka ɗauki duwatsun biyu-biyu. A gaban kowane biyu ka rubuta wanda ya girmi wani da hujjar da ka gani da idonka, sa'an nan ka jera su daga babba zuwa ƙarami. Ga yadda aikin ya kasance a wani ramin fasa dutse da na ziyarta a kan hanyar Kachiya. Nais ne ya cika bangon, ratsinsa a lanƙwashe. Giranit mai jaja-jaja ya yanke lanƙwasar, kuma yana ɗauke da gutsattsarin nais, saboda haka nais ya fara, lanƙwasa ta biyo, giranit ya zo na uku. Jijiyar fegmatait mai faɗin taƙi ɗaya ta ratsa su duka biyun, ita ce ta huɗu. Wata karaya ta gocar da jijiyar da kamar yatsu huɗu, ita ce ta biyar. Daga sama kuma ruɓewa ta ci duk waɗannan har marmara ta rufe su, ita ce auta.

A ɗaya gefen ramin akwai bangon dolarait da ya yanke nais da giranit, amma bai haɗu da fegmatait ko karayar ba a ko'ina da ido yake kaiwa. Zuciya takan so ta sa shi a ƙarshe don irinsa yakan zo a makare a wasu wurare, amma abin da wurin ya nuna shi ne ya biyo bayan giranit, ya riga marmara, iyaka ke nan. Haka na rubuta shi, a gefen jerin, da alamar tambaya a tsakaninsa da fegmatait. Irin wannan giɓi hanya biyu ce take cike shi: ko a bi bangon dolarait ɗin da kamfas zuwa fa na gaba a ga ko ya gitta wata jijiya, ko a fasa gutsure mai rai daga kowannensu, a sa a leda daban-daban, a rubuta wuri da rana da harafin da ke cikin zane, a nemi shawarar malaman sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello ko ma'aikatan hukumar binciken duwatsu ta ƙasa da ke da ɗakin gwaji a Kaduna kan inda za a auna su. Na bi bangon kamar taku ɗari uku zuwa arewa maso gabas kafin ya shige ƙarƙashin wata gonar dawa, kuma can gaba da gonar akwai wani fa da zan duba idan an yi girbi.